Daga bariki zuwa biro: tarihin ba tsoffin sojoji fifiko a aikin gwamnati



Akwai tambayar da ke yawan dawowa a hirarrakinmu, a fada ko a tasha ko wurin mai shayi: in soja ya gama sarwisi, ko ya dawo daga fagen daga da rauni, ya kamata a sa shi gaba in gwamnati za ta ɗauki ma'aikata ko za ta koyar da sana'a? Wasu su ce hakkinsa ne, tunda ransa ya sa a gaba. Wasu su ce to, matasan da suka gama lakwal suna zaune da difilom a aljihu fa? Tambayar ta girmi kakanninmu da yawa, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya, don waiwaye adon tafiya ne.

Bari mu fara da ɗan gida. Duk wanda ya san Yamai ya san CCOG, cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda. An haife shi a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, wato Biyetnam ta yau da maƙwabtanta. Da ya dawo gida bai samu aiki ba. Sai ya bi hanyar da samarinmu ke bi har yau, ya tafi Abijan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Can ya haɗu da Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Daga baya Ganda ya yi nasa fim ɗin, Cabascabo, wanda aka nuna a bikin finafinai na Kan a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da ƴan kuɗinsa, abokai suka kewaye shi, kuɗi suka ƙare, abokai suka watse. Ganda ya yi sa'a ya samu sinima, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Dubban abokan yaƙinsa ba su samu wannan sa'ar ba. To me aka yi musu alkawari tun farko?

Sai mu koma yaƙin duniya na farko. Faransa ta kwashi sojoji kusan 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da take mulka, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Ana kiransu tirayer na Sanagal, amma daga ko'ina suke a yankin AOF. Ɗaukar soja da ƙarfi ta jawo tawaye da gudun hijira, mutane suna tsallakawa ƙasashen Ingila don kada a kama ƴaƴansu. A watan Janairun 1918, Clemenceau ya ɗora wa Blaise Diagne, ɗan Sanagal kuma baƙin Afirka na farko a majalisar dokokin Faransa, aikin nemo sababbin sojoji. Diagne bai zo hannu sake ba. Ya zo da alkawura: sassaucin haraji, kuɗin iyali, fita daga dokar indijena wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, da kuma ayyukan gwamnati da za a keɓe wa waɗanda suka yi yaƙi. A wannan shekara kaɗai an ɗauki mutum wajen 63,000 a AOF. Kun ga ke nan, maganar fifikon aiki ta shigo ƙasashenmu ne a matsayin ladan jini.

A can Faransa alkawarin ya zama doka mai haƙora. Yaƙin ya ci mata sojoji kusan miliyan 1.4, ga guragu da makafi da waɗanda harsashi ya ɓata wa fuska. Tun 1916 aka kafa ofishin kula da naƙasassun yaƙi, aka buɗe makarantun sake koyon sana'a, inda manomin da ya rasa ƙafa zai koyi ɗinki ko gyaran takalmi ko aikin lissafi. Dokar 30 ga Janairu 1923 ta tsara abin da suke kira emplois réservés, wato guraben aikin gwamnati da aka keɓe wa naƙasassun yaƙi da matan mamatan. Dokar 26 ga Afrilu 1924 ta wuce nan, ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu da ke da ma'aikata sama da 10 su ba naƙasassun yaƙi kashi 10 cikin 100 na gurabensu. Daga waɗannan ofisoshi ne aka haɗa ONAC a 1946, hukumar tsoffin sojoji da waɗanda yaƙi ya shafa.

A wajenmu fa? Ayyukan da tsohon tirayer ya fi samu su ne gardi, ko masinjan biro, ko tafinta in ya iya Faransanci, wani lokaci kuma a naɗa shi mai gari ko sarki in kumandan ya ga dama. Guraben kaɗan ne, sojojin da suka dawo kuwa dubbai. Yawancin ayyukan biro suna bukatar karatu, alhali mafi yawan waɗanda aka kwasa ba su taɓa shiga lakwal ba, kuma ba a koya musu wata sana'a a bariki ba in ban da riƙe bindiga. Wani abin baƙin ciki kuma, aikin gardi ya raba wasunsu da jama'arsu, don shi ake turawa karɓar haraji da kamo mutanen aikin tilas. Tsofaffinmu da suka ga zamanin sun san abin da kalmar gardi ke tayarwa a zuciya.

Yaƙin duniya na biyu ya zo da abin da ya fi haka ciwo. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa. Laifinsu shi ne sun nemi a biya su kuɗaɗen da suke bi kafin a sallame su. Rahoton hukuma ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a watan Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaba Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Ƙasashen Ingila ma ba su tsira ba. A Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, sojojin da suka yi yaƙin Bama sun dawo sun tarar ba aiki, fansho bai taka kara ya karya ba, kaya sun yi tsada. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Akra don kai kukansu ga gwamna. Aka harbe uku daga cikinsu: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta kwana da kwanaki, aka tsare Kwame Nkrumah da abokansa biyar, aka kafa kwamitin bincike na Watson. Shekara 9 bayan nan Gana ta samu ƴancin kai. Wato rashin cika wa tsoffin sojoji alkawari yana cikin abubuwan da suka girgiza mulkin mallaka tun daga tushe.

Yanzu mu leƙa Amurka, inda ake yawan kawo misali. Su ma sai da suka ƙone hannu. A 1932, lokacin karayar tattalin arziki, dubban sojojin yaƙin farko suka kafa bukkoki a Washinton suna neman a biya su kuɗin ladan da aka yi musu alkawari. Gwamnati ta turo soja ƙarƙashin Janar MacArthur, aka kore su da hayaƙi mai sa hawaye, aka ƙone bukkokin. Wannan abin kunya yana cikin tunanin ƴan majalisa lokacin da yaƙi na biyu ya kusa ƙarewa. Ranar 22 ga Yuni 1944 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka sani da GI Bill. Ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ta ba shi dala 20 a mako har mako 52 in ba shi da aiki, ta tsaya masa wajen cin bashin gida ko gona ko jari. Zuwa 1956, mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a da ita. A wannan watan na Yuni 1944 aka yi wata dokar ta fifiko a aikin gwamnatin tarayya: in an yi jarrabawar ɗaukar aiki, tsohon soja yana samun ƙarin maki 5, wanda ya naƙasa a bakin aiki maki 10, kuma wannan hakkin yana iya kaiwa ga matar mamaci. A 2002 kuma aka ƙara dokar da ta ce duk shirin neman aiki ko koyon sana'a da ma'aikatar ƙwadago ke ba kuɗi, tsohon soja ake fara dubawa in ya cika sharuɗɗan shirin.

Amma kada mu ɗauka can ɗin aljanna ce. An bar aiwatar da GI Bill a hannun ofisoshin jihohi da bankuna da jami'o'i, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin ƙasar. Baƙar fata da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da farare sun tarar da ƙofofi a rufe. Wani bincike na 1947 a jihar Misisipi ya nuna cikin bashi sama da 3,200 da hukumar tsoffin sojoji ta tsaya wa, 2 kacal suka je hannun baƙar fata. Doka ɗaya ce, amma mai riƙe da alƙalami a biro shi ya yanke wanda zai ci moriyarta.

Mu dawo gida. Lokacin da ƙasashenmu ke shirin samun ƴanci, Faransa ta sa wani sashe a dokar kasafin kuɗinta ta 26 ga Disamba 1959 wanda ya daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mulka. Na Bafaranshe yana hawa tare da tsadar rayuwa, na ɗan Afirka yana nan inda yake. Wani tsohon saja ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kuma ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gwamnati ta Faransa ta ce an nuna masa bambanci. Shi kansa ya rasu kafin hukuncin. Sai bayan fim ɗin Indigènes na 2006 da hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010 aka daidaita fanshon daga 2011. A lokacin, mafi yawan ansiyan kombatan da muka taso muna gani ranar biki da lambobi a ƙirji sun riga mu gidan gaskiya.

Yau maganar ta koma hannunmu. An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, kuma hafsoshinta na farko, irin su Seyni Kountché, daga sojan Faransa suka fito. Ƙasarmu ta ma taɓa amfani da aikin gwamnati don kashe wutar rikici: bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, an shigar da tsoffin ƴan tawaye cikin soja da sauran ma'aikatun gwamnati. Yanzu kuma ga Difa, ga Tilaberi, ga arewacin Tawa. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, mun rasa sojoji 71. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, 89. Kowane ɗaya ya bar uwa ko mata ko ƴaƴa. Waɗanda suka tsira da rauni matasa ne masu shekara 25 ko 30, da sauran rayuwa mai tsawo a gabansu in Allah ya so.

Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, fifikon da ya yi amfani yana rubuce a doka da adadi sananne, kamar maki 5 da 10 ko kashi 10 cikin 100, yadda kowa zai iya lissafawa. Yana tafiya tare da koyon sana'a, don gurbin biro ba ya amfanar wanda ba a shirya shi ba, kamar yadda ya faru da tirayer. Nan ne hukumomi irin su ANPE da FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu suke da rawar takawa, kuma zai fi kyau a fara koyarwar tun soja yana cikin kaki. Yana haɗawa da matan mamata da marayu. Sannan yana bukatar ido a kan masu aiwatarwa, a riƙa buga sunayen waɗanda aka ɗauka da dalilin ɗaukarsu, don kada abin ya koma na ɗan wane da ɗan wane, kamar yadda aka yi wa baƙar fatar Misisipi.

Matasa masu difilom su ma suna da gaskiyarsu, kuma bai kamata a toshe musu baki ba. Aikin gwamnati a ƙasarmu kaɗan ne, masu jiran konkur sun cika gari. Shi ya sa tsarin ƙarin maki ya fi kwanta mana: kowa ya zauna jarrabawa, sai wanda ya ci ake ƙara masa. Ba wanda zai so a ba shi malamin asibiti ko malamin makaranta da bai iya aikin ba, ko da jarumi ne.

Alkawari kaya ne, jama'a. Kakanninmu sun jira nasu fiye da shekara 50, da yawa sun tafi ba su gani ba. Bai dace a ce ɗan Nijar da ya tsare Nijar ya ƙare kamar Cabascabo ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba masu rauni lafiya, ya zaunar mana da ƙasa lafiya. Amin.