Tarihin Neman Hanyar Zaɓen Ɗaurin Karbon da Haidirojin a Manyan Sinadarai, 1883 zuwa 2018

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu bi diddigin wata matsala guda wadda ta sha kan masana kimiyyar sinadarai fiye da shekara ɗari. Kusan duk wani sinadari da ke jikin tsiro ko dabba, da akasarin magungunan da muke sha, an gina su ne bisa jerin ƙwayoyin karbon waɗanda ƙwayoyin haidirojin suka lulluɓe. Abin da ke riƙe da karbon da haidirojin shi za mu kira ɗauri a nan. Ɗaurin nan yana da ƙarfi ƙwarai, ga shi kuma da yawa: sinadarin furojestaron, alal misali, yana da haidirojin 30, kowanne ɗaure da karbon, kuma galibinsu kamar an tsaga kara. Kwance ɗaurin da ƙarfin tsiya ba wuya, domin wuta ma tana yin haka duk lokacin da aka ƙona kananzir. Wuyar aikin ita ce a kwance ɗaya tak, wanda ake bukata, a bar sauran yadda suke. Za mu nuna cewa amsoshi uku aka samu a tarihi, kuma dukkansu sun dogara ne ga siffa da kusanci.

2.0 Mafarin Al'amari

A shekarar 1894 Henry Fenton, a Ingila, ya lura cewa idan aka gama gishirin baƙin ƙarfe da haidirojin feroksaid, watau ruwan nan da ake wanke rauni da shi, akan sami gauraye mai cin sinadarai. Gaurayen yana iya kwance ɗaurin karbon da haidirojin, amma kan mai uwa da wabi yake yi, duk inda ya ci karo nan yake sara. Saboda haka amfaninsa ya fi yawa wajen rusa sinadarai, kamar tsabtace gurɓataccen ruwan masana'antu.

Tun kafin wannan, a 1883, August Hofmann a Jamus ya ga wani abin mamaki. Ya ɗora buromin a kan naitirojin na sinadarin konin, wanda dafi ne na wani tsiro, ya dafa shi cikin asid, sai sinadarin ya naɗe ya yi sabon zobe. A 1909 Karl Löffler da abokan aikinsa suka faɗaɗa hanyar har suka haɗa nikotin na taba da ita. An daɗe ba a gano bakin zaren ba, sai wajen 1960 binciken Elias Corey da wasu ya tabbatar da cewa naitirojin ɗin ne yake miƙa hannu ya fizgi haidirojin daga karbon na huɗu daga inda yake, domin nan ne hannunsa ya fi kai wa cikin sauƙi. Wannan ita ce amsa ta farko: a bar wani sashe na sinadarin ya zaɓi maƙwabcinsa.

3.0 Kotizon da Fumfuna

Bukatar marasa lafiya ce ta fitar da wannan matsala daga ɗakin gwaji. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya ba wata mai fama da amosanin gaɓɓai kotizon, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Labari ya bazu, kowa yana nema, magani kuwa babu. A lokacin daga ruwan maɗaciyar shanu kamfanin Merck yake haɗa shi, ta matakai fiye da 30 bisa hanyar da Lewis Sarett ya buɗe, kuma a 1949 ana sayar da giram ɗaya dala 200.

Dalilin tsawon hanyar shi ne, kotizon yana cikin dangin sitirod, masu zobe huɗu a manne da juna, kuma dole ne ya kasance da oksijin a kan karbon mai lamba 11. Ga furojestaron da araha, ana samunsa daga wata doyar daji ta ƙasar Meziko, amma karbon ɗinsa na 11 haidirojin ne kawai a jikinsa, kuma babu masanin da ya iya taɓa wannan wuri ba tare da ya ɓata sauran ba. A 1952 Durey Peterson da Herbert Murray na kamfanin Upjohn suka ba da sanarwar cewa wata fumfuna mai suna Rhizopus, dangin wadda ke fitowa a kan burodi, tana ɗora oksijin daidai kan karbon na 11 a mataki guda. Cikin 'yan shekaru farashin kotizon ya faɗi warwas.

Fumfunar tana yin wannan aiki ne da enzayim, watau furotin mai gaggauta aikin sinadarai a jikin mai rai. Daga baya aka san cewa enzayim ɗin yana cikin dangin da Tsuneo Omura da Ryo Sato na Japan suka bayyana a farkon shekarun 1960, wanda ake kira P450. A tsakiyarsa akwai baƙin ƙarfe, shi ne mai kwance ɗaurin, amma furotin ya kewaye shi ya bar wani ɗan rami wanda sitirod ba ya shiga sai ta fuska guda. Amsa ta biyu ke nan: a riƙe sinadarin yadda ɗauri ɗaya kaɗai zai fuskanci wuƙa.

4.0 Barton da Breslow

Masana ba su yarda a bar wa fumfuna fage ba. A 1960 Derek Barton ya ɗauki dabarar Hofmann ya sauya mata kaya. Abin da yake nema shi ne aldostaron, sinadarin da ke daidaita gishiri a jini, wanda aka fara tacewa a 1953 kuma bai samuwa sai ɗan mitsitsi. Barton da John Beaton suka ɗora naitirait a kan oksijin na karbon na 11, suka haska masa fitila, sai oksijin ya fizgi haidirojin daga karbon na 18 da ke daura da shi. Wani kaso na aikin yakan karkata zuwa karbon na 19, wanda shi ma yana kusa, amma duk da haka an sami giram da yawa na aldostaron, abin da ya wadaci masu binciken likitanci.

Sai dai hannun irin wannan dabara gajere ne. Daga 1969 Ronald Breslow na Jami'ar Kolombiya ya shiga ɗaura wa sitirod wani dogon hannu na aro, mai ɗauke da abin fizga a ƙarshensa. Tsawon hannun shi ke nuna karbon ɗin da za a taɓa, ko da yana can nesa a wani zoben. Breslow ya faɗa a fili cewa enzayim yake kwaikwayo.

5.0 Zamanin Ƙarafa

Amsa ta uku daga masu nazarin ƙarafa ta fito. A 1969 Alexander Shilov da abokansa a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa gishirin filatinam cikin ruwa yana kwance ɗaurin iskar metan, wanda yake cikin mafiya ƙarfi, kuma a 1972 suka mai da metan zuwa metanol. Abin lura a nan shi ne ƙarfen yakan fi son ɗaurin da ke fili a bakin jeri, ko da ya fi na ciki ƙarfi. A 1982 Robert Bergman a Amurka da William Graham a Kanada, kowa da nasa aikin, suka kama iridiyam ya kutsa tsakanin karbon da haidirojin, har aka ga yadda abin yake. A 1993 Shinji Murai na Osaka ya haɗa wannan da tsohuwar dabarar kusanci: oksijin da ke jikin sinadarin ya riƙe ruteniyam, ya kai shi kan karbon na maƙwabtaka.

A 2007 Christina White da Mark Chen na Jami'ar Ilinoi suka komo ga kayan Fenton, watau baƙin ƙarfe da feroksaid, amma suka naɗe ƙarfen cikin wani sinadari mai tauri wanda ke tsare masa hanya. Suka nuna cewa ana iya faɗin ɗaurin da za a kwance tun kafin a yi gwaji, ta duban wanda ya fi wadata da lantarki da wanda ya fi sarari. Cikin abubuwan da suka gwada akwai atimisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samo daga tsiro, kuma wanda asibitocinmu suka dogara da danginsa. Yana da haidirojin 22, amma oksijin ya fi sauka kan karbon na 10. Ta ɓangaren masu rai kuma, a 2006 Jay Keasling ya dasa wa yis wani P450 na tsiron, har ya riƙa yin asid ɗin da ake haɗa maganin da shi, kuma a 2018 Frances Arnold ta sami lambar Nobel saboda hanyar sauya enzayim ya yi aikin da ba a halicce shi da shi ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda kusanci a cikin sinadari, da ramin enzayim, da ƙarfe mai sutura suka zama hanyoyi uku na zaɓe, da kuma yadda suka riƙa aron dabara daga juna. Amfanin abin a fili yake ga mai neman sabon magani, domin maimakon ya koma ya faro gini daga tushe duk lokacin da yake son sauya wuri guda, yana iya ɗaukar maganin da aka gama ya taɓa shi a mataki ɗaya ko biyu. Amma da sauran rina a kaba. Ƙarafa irin su iridiyam da filatinam suna da tsada, yawancin hanyoyin sukan ba da gaurayen da sai an sha wahalar rarrabewa, kuma har yanzu ba a kai ga matsayin da masani zai nuna kowane ɗauri da ya ga dama ya ce wannan nake so ba. Muna ganin masu koyar da wannan fanni a jami'o'inmu za su kyauta idan suka riƙa gabatar wa ɗalibai da labarin kotizon tun da wuri, domin su ga yadda wurin zaman oksijin ɗaya ya raba tsakanin maganin attajirai da maganin kowa.