Jarin Maigida: Yadda Yaran Ƙauye Suka Zama Attajirai

A wannan biki na zagayowar shekarar ƙungiyarmu, ya kamata mu tuna inda jarin kakanninmu ya fito.

A ƙarni na 19, fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja yana hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma da yawansu a garuruwan karkara suke zaune. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fata, madugu na jagoranta, a shafe watanni kafin a isa Salaga. Yaro ba ya farawa da kuɗinsa. Maigida ne ke ba shi kaya ya tafi da su. In ya dawo da riba a raba, in amanarsa ta tabbata a ƙara masa, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa. Ka'idar da malamai ke kira mudaraba ta tanadi cewa in asara ta zo ba da sakacin yaro ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta, shi kuwa yaro wahalarsa ce ta tafi. Shi ya sa mai jari ke duba halin yaro kafin komai.

Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan harkar goro ya tashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna saya masa a ƙauyuka. Kafin rasuwarsa a 1955 sunansa ya cika Afirka ta Yamma. Haka Alhazan Maraɗi: da dama daga cikinsu barorin wani ubangida ne a zamanin gyaɗa, kafin su kama cinikin kan iyaka da Najeriya.

Yau matashin ƙauye mai dabarar sarrafa albasa ko ridi, in ya je banki sai a nemi jingina, alhali gonar gado ba ta da takarda. Ya haƙura, ko ya tafi ci-rani.

'Yan'uwa, mu ma wani ne ya fara damƙa mana kaya. Duk mai hali a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya bana, a rubuta rabon riba a gaban shaidu, a kuma yarda tun farko cewa ba duka za su yi nasara ba.