Yadda Ƙwallon Ƙafa Ya Samu Gindin Zama a Amurka

Ƴan uwa malamai da iyayen yara, yau ina so mu duba tarihin ƙwallon ƙafa a wata ƙasa da ya shiga a matsayin baƙo, wato Amurka. Na zaɓe ta ne domin a can ƙwallon ƙafa bai tarar da fili a share ba. Wasanni huɗu sun riga sun raba kasuwa tsakaninsu: besbol, da ƙwallon kwando, da hoki na kan ƙanƙara, da wani wasan ture-ture da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai. Wannan na ƙarshen har sunan futbol ya ƙwace, aka bar namu da sunan soka. Kowannensu yana da watanninsa a shekara, da filayensa, da kasonsa a talabijin. Tambayar da masu kuɗi suka shafe shekara hamsin suna neman amsarta ita ce: ta yaya mutumin da ubansa bai taɓa kai shi kallon ƙwallo ba zai ciro kuɗi ya sayi tikiti, kuma ya dawo mako mai zuwa?

Yunƙuri na farko mai ƙarfi shi ne gasar NASL, wadda aka buɗe a 1968 da ƙungiyoyi 17. Da shekara ta zagayo, saura 5. Haka aka yi ta lallaɓawa har 1975, lokacin da kamfanin Warner mai fina-finai da waƙoƙi, wanda ya mallaki ƙungiyar New York Cosmos, ya shawo kan Pele ya koma wasa bayan ya bar Santos ta Brazil. Yana da shekara 34, ya ci kofin duniya sau uku. Filin da ya yi wasansa na farko a cikinsa ya lalace ƙwarai, sai da aka bi wuraren da ciyawa ta mutu da koren fenti don kada ƴan kallon talabijin su ga ƙasa.

Dabarar ta yi aiki da farko. Giorgio Chinaglia ya zo daga Italiya a 1976, Franz Beckenbauer na Jamus da Carlos Alberto na Brazil suka biyo baya a 1977. A watan Agusta na wannan shekara mutum 77,691 suka shiga filin Giants don kallon Cosmos. Mawaƙa da taurarin fim suka mai da wurin dandalinsu. Da sauran attajirai suka ga haka, sai kowa ya ce shi ma zai kafa tasa. A 1978 ƙungiyoyin sun kai 24, mafi yawansu suna biyan ƴan wasan ƙetare da ƙarfinsu ya fara ja baya kuɗin da ya zarce abin da ake samu a ƙofa.

Don a jawo Ba'amurke, har dokokin wasan aka taɓa. An ce ba ya son canjaras, sai aka ƙirƙiro wata hanyar raba gardama: ɗan wasa ya taso da ƙwallo daga nisan kimanin mita 32, a ba shi sakan 5 ya ci mai tsaron gida. Aka kawo ƴan rawa a bakin fili. Ƙungiya kuma in ba ta samu kasuwa a gari ba, sai a naɗe ta a kai wani gari kamar rumfar ɗan koli. An kafa ɗaya a tsibirin Hawaii, kaka ɗaya ta yi. Ta Colorado ita ma kaka ɗaya ta yi aka mai da ita Atlanta.

Pele ya yi bankwana ranar 1 ga Oktoba 1977, a wasan da ya buga rabi wa Cosmos, rabi wa Santos. Jama'a sun ci gaba da zuwa na ƴan shekaru, sannan suka fara janyewa. Gidan talabijin na ABC, wanda ya fara nuna wasannin a 1979, bai daɗe ba ya haƙura saboda ƙarancin masu kallo. Kamfanin Warner ya tafka asara a 1983 ta hanyar reshensa na wasannin kwamfuta, Atari, ya zare hannunsa daga Cosmos. A 1984 saura ƙungiyoyi 9, a farkon 1985 aka rufe gasar. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Waɗanda suka cika filin Giants sun zo ganin Pele ne, da ya tafi ba abin da ya ɗaure su da rigar.

Sai dai a waɗannan shekarun akwai wani aiki da ake yi nesa da idon ƴan jarida, kuma shi ne ya fi jan hankalina a tarihin nan. A 1964 wasu iyaye a garin Torrance na jihar Kalifoniya suka kafa ƙungiyar wasan yara mai suna AYSO da ƙananan ƙungiyoyi 9. Suka kafa doka cewa duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya buga aƙalla rabin kowane wasa, gwani ne ko ɗan koyo. Iyaye ne masu horarwa, su ne alƙalan wasa, su ne masu kawo ruwa. A 1972 kuma aka yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, ciki har da wasanni, ƴan mata suka shiga ƙwallo da yawa. Ƙungiyoyin NASL su ma sun riƙa tura ƴan wasansu makarantu suna koya wa yara. Yaran nan ba su da kuɗin tikiti a 1978. Bayan shekara talatin su ne masu albashi, su ne iyaye.

A 1988 hukumar FIFA ta ba Amurka izinin shirya gasar kofin duniya ta 1994, da sharaɗin ta kafa gasar ƙwararru. Fiye da mutum miliyan uku da rabi suka kalli wasanni 52 na wannan gasa a filaye. A 1996 aka buɗe gasar MLS da ƙungiyoyi 10. Ta fuskar kuɗi sun ɗauki darasi: gasar ce da kanta take ƙulla yarjejeniya da ƴan wasa, aka kuma ƙayyade albashi don kada wani ya sake yin irin ɓarnar Cosmos. Ta fuskar talla kuwa, tsohuwar hanya suka bi. Suka dawo da raba gardamar nan, suka sa agogo yana ƙirga lokaci da baya kamar na ƙwallon kwando. Ana wasa a manyan filayen aro, inda mutum dubu 15 ke ɓacewa a wurin da aka gina don dubu 70. Masanan ƙwallo suka raina abin, waɗanda ba su san shi ba kuma ba su zo ba. A farkon 2002 aka rushe ƙungiyoyi biyu na jihar Florida, har ta kai attajiri guda, Philip Anschutz, yana riƙe da ƙungiyoyi 6 cikin 10 don kada gasar ta mutu.

Gyaran ya fara ne da abubuwa marasa armashi. A 1999 Lamar Hunt ya gina wa ƙungiyar Columbus Crew fili nata na kanta, mai ɗaukar mutum kusan dubu 22, inda ɗan kallo ke jin numfashin ɗan wasa. Bayan kakar wannan shekara aka soke dokokin ƙirƙira, aka koma wasan da duniya ta sani. Sannan aka fara sauraron masu ganga da waƙa da tutoci, waɗanda a da ake ɗauka masu damun jama'a ne.

Birnin Seattle ne ya fi nuna amfanin haka. A zamanin NASL akwai ƙungiya a can mai suna Sounders, tun 1974. Da za a kafa sabuwa, masu ita suka kawo sunaye uku a zaɓa, babu Sounders a ciki. Mutanen gari suka yi ca, dole aka ba su damar rubuta sunan da suke so, tsohon suna ya yi nasara. An yi haka a 2008, shekarar da aka ɗauke ƙungiyar ƙwallon kwando ta birnin aka kai Oklahoma, zukata suna ciwo. Sabuwar Sounders ta ba masu tikitin shekara ikon jefa ƙuri'a lokaci-lokaci kan ko manajan ƙungiya zai ci gaba ko a sauke shi. Kafin kowane wasa magoya baya kan taru a tsakiyar gari su tako zuwa fili da kiɗa. A kakar farko, 2009, kimanin mutum dubu 30 ke zuwa kowane wasa, bayan ƴan shekaru suka haura dubu 40. Babu wani Pele a cikinsu.

A Los Angeles an gwada akasin haka. A 2005 mai ƙungiyar Chivas ta Meziko ya buɗe reshenta a can, yana lissafin cewa ƴan asalin Meziko da ke birnin za su yi tururuwa. Masoyan Chivas suka gwammace su kalli ta asali a talabijin, masoyan abokan hamayyarta kuma ba za su sa rigarta ba. A 2014 aka rufe ta.

Columbus kuwa ta nuna abin da magoya baya ke iyawa idan abin ya zama nasu. A Oktoba 2017 mai ƙungiyar ya ce yana shirin mai da ita Austin a jihar Texas. Mutanen gari suka tashi, suka yi gangami, suka nemo masu alƙawarin sayen tikiti, hukumomin birni da na jihar Ohio suka shigar da ƙara bisa wata dokar jihar da ta tsaurara ɗauke ƙungiya daga garinta. A ƙarshen 2018 aka samu sababbin masu saye, ƙungiya ta zauna, ta ci kofin gasar a 2020 da 2023.

Taurari sun dawo, David Beckham a 2007, Lionel Messi a 2023, kuma a 2025 ƙungiyoyin sun kai 30. Bambancin shi ne yanzu tauraro yana sauka ne a kan ginin da ya riga ya tsaya. Amma nasarar ta zo da nata tabo. Tikitin wasan da Messi zai buga ya fi ƙarfin talaka. Wasan yara ma da iyaye suka fara kyauta, a matakinsa na sama ya koma kasuwanci, iyali kan biya dubban dalolin Amurka a shekara. Ɗan baƙon haure mai hazaƙa yakan tsaya a bayan shinge.

A shekarar da Pele ya sauka New York, 1975, aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Har yau ba a roƙon kowa ya zo kallon neman takobi, domin ɗan kokowa ɗan jaharmu ne, mun san ƙauyensu, kakanni sun yi, jikoki sun gani. Ƙungiyoyin ƙwallonmu irin su Ɗan Ƙasawa ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram suna neman ƴan kallo tsakanin kokowa da wasannin Turai da ake nunawa a gidajen kallo, yaranmu kuma suna yawo da rigunan Barcelona da Real Madrid. Abin da na fahimta daga tarihin Amurka shi ne mai goyon baya rainonsa ake yi, kuma masu rainon su ne mu. Malamin da ya ja layi a filin lakwal ya tabbatar kowane yaro ya taɓa ƙwallo, da uban da ya riƙe hannun ɗansa ya kai shi kallon ƙungiyar garinsu, su ne suka cika filin Seattle bayan shekara talatin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.