Daga Jar Tawada zuwa Zanen Jakin Dawa: Tarihin Launi a Cikin Jeri

Duk wanda ya taɓa neman sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa, ko na manoman da za a raba wa taki, ya san irin zamewar da ido ke yi. Ka kama suna a hagu, kafin ka kai ga lambar da ke dama sai ka tsinci kanka a layin maƙwabci. Masu tsara shafukan intanet suna maganin wannan da shimfiɗa launi a bayan rubutu: layi ɗaya fari, na biye toka-toka. Dabarar sabuwa ce, amma ciwon tsoho ne, kuma malaman ƙasar Sakkwato sun daɗe da nasu maganin.

A wajajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. A wannan zamani ne, a 1812, Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Irin waɗannan littattafai da hannu ake kwafe su, a kan takardar da fatake ke ƙetaro Sahara da ita, galibi ƙirar arewacin Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Takarda na da tsada, saboda haka marubuci ba ya ɓarnar fili: layi bisa layi, a cunkushe. To, ta yaya mai karatu zai gane inda babi ya ƙare, wani ya soma?

Amsar ita ce launi. Baƙar tawada ce ke ɗaukar jikin magana, ja kuma ta fito da kan babi da fasali. A littattafan sharhi, sau da yawa akan rubuta matani da ja, bayanin malami da baƙi, don kada ɗalibi ya gauraya maganar mawallafi da ta mai sharhi. A Alƙur'ani bisa ruwayar Warshu tsarin ya fi haka tsauri: baƙaƙe da baƙi, wasulla da ja, hamza da rawaya, alamar alifin sadarwa da kore. Ga kuma kumsa bayan kowace aya biyar, da kuri bayan kowace aya goma, domin mai tilawa ya san inda yake ba sai ya ƙirga daga farko ba. Abin lura shi ne kowane launi aikinsa ɗaya ne, daga bangon farko zuwa na ƙarshe.

Sai dai malaman nan harafi suke rinawa, ba bayansa ba. Shafe fili guda da launi zai cinye tawada, ya kuma jiƙa takarda. Zuwan boko ya kawo wata hanyar tsare ido, wato takarda mai layi da rajistar aji. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, yana cikin tsaran da suka ga duka biyun: ya fara da allo a gida, ya shiga elementare a Yabo, daga baya ya zama malamin makaranta mai kiran suna daga rajista.

Rina bayan rubutu sai da injin ɗab'i ya sauƙaƙa shi. A shekarun 1960 da 1970, manyan kwamfutocin bankuna da ma'aikatu a Amurka da Turai suna fitar da lissafi a doguwar takarda mai faɗin harafi 132 a layi guda. Don kada idon akawu ya ɓace a wannan faɗi, sai aka riƙa buga takardar da ratsin kore da fari. Wannan ratsi ne ya bi lissafi ya shiga allon kwamfuta, aka yi masa laƙabi da zanen jakin dawa.

A intanet ma abin bai zo da sauƙi ba. Håkon Wium Lie ya gabatar da shawarar CSS, harshen da ke yi wa shafi sutura, a 1994, aka tabbatar da matakinsa na farko a Disambar 1996. Amma shekara da shekaru mai tsara shafi sai ya bi jeri ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kowane layi alama da hannu. In aka cusa sabon suna a tsakiya, duk tsarin ya wargaje. Ƙa'idar nth-child, wadda aka tabbatar a 2011, ita ta raba gardama. Da umarni guda za ka ce a rina kowane layi na biyu, ko na biyar, ko na goma. Mai rubuta kumsa da kuri ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sauƙin nan kuwa ya zo da nasa haɗari. Da launi ya daina cin kuɗi, sai ya fara rasa ma'ana. Za ka ga jeri mai layi bakwai da launi bakwai, ja a nan gargaɗi, can kuma ado. Akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, akasarinsu maza. Akwai kuma mai duba waya a tsakar ranar Sakkwato, inda rubutu mai dishi-dishi ke ɓacewa ƙurmus. Shi ya sa ƙa'idojin WCAG na 2008 suka nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma kada a ɗora saƙo a kan launi kaɗai.

Wannan sharaɗi na biyu tsohon darasi ne a wurinmu. Wasali ja ne, amma siffarsa da mazauninsa ne ke faɗin sautinsa. Ko jan ya koɗe bayan shekara 200, fataha tana nan sama, kisira tana ƙasa. Mai tsara jerin sunaye a yau, kafin ya zaɓi launi, ya kamata ya tambayi kansa aikin da launin zai yi, da abin da zai rage wa mai karatu idan launin ya gushe.