Zugar Guba da Ruwan Dallol: Ɗan Tarihin Wani Awo

A 1888 ne Hugo Schulz, a Jamus, ya lura cewa guba kaɗan tana ƙara wa yisti kuzari, mai yawa kuma ta kashe shi. Abin bai sami sunansa na yanzu ba sai 1943, lokacin da Southam da Ehrlich suka kira shi "hormesis", daga kalmar Girkanci mai nufin zuga. A wannan takarda mun zaɓi "zugar guba".

A 1979 Bulich ya gabatar da awon Microtox, mai aiki da Vibrio fischeri, bakteriyar teku mai fid da haske: in haskenta ya ragu, ruwan yana da guba. Sai dai ƴar teku ce, dole a kai gishirin ruwan gwaji kashi 2 cikin ɗari.

To, ruwan rijiyar Tibiri fa? Ƙasar dallol ba baƙuwar gishiri ba ce. A kudu, cikin Dallol Foga, an daɗe ana dafa shi ana kai kasuwanni. Gishirin ruwa kansa yana iya ƙara hasken, guba kaɗan ma haka. Mai awon da bai san ƙasar ba yana iya rubuta "babu guba", mutane su ci gaba da sha.