Bakan Gizo: Yadda Maginan Hausa Suka Raba wa Ƙasa da Azara Nauyi

Duk wanda ya shiga zauren tsohon gidan sarauta a ƙasar Hausa ya ɗaga kai, zai ga rufin ƙasa mai tsananin nauyi a bisansa, babu ƙarfe, babu siminti, sau da yawa ko ginshiƙi babu a tsakiya. To, me ya riƙe shi? Amsar tana cikin wani ilimi da magina suka gada a hannu tun kafin a fara karantar da shi a jami'o'inmu, wato ilimin raba nauyi.

Matsalar maginin dauri a fili take. Ƙasa tana jure danni, amma da an ja ta sai ta tsage. Azara kuwa, wadda ake tsagowa daga giginya, tana jure ja, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai in aka shimfiɗa ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata ƙasa, ba ta cika ɗaukar faɗin da ya kai mita 2 ba sai ta lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan talakawa suka kasance ƙanana. Amma sarki yana son zauren da fada za ta zauna, jama'a kuma suna son masallacin da zai ɗauki sahu-sahu.

Dabarar da ta warware wannan ita ce bakan gizo. Magini zai kafa azara a cikin bango tun daga ƙasa, ya ɗan karkatar da ita zuwa cikin ɗaki, ya danne gindinta da ƙasa. In ta bushe, sai ya ɗaura wata a kanta da igiya, ta zarce ta farko, ita ma ya lulluɓe ta. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu, hawa bayan hawa, har ƙafafun bakan su haɗu a sama a ɗaure su. Idan baka biyu suka gicciya, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da itatuwan da ake gicciyawa a bakin gugar rijiya. A kan waɗannan bakuna ake jera gajerun azara a yi tulluwa.

A nan hikimar take. Kowace azara tana ɗauke da ta samanta, ta ƙasanta kuma tana ɗauke da ita. Nauyin rufi yana neman kifar da ƙafar baka zuwa cikin ɗaki, nauyin bangon da ya danne gindinta yana hana ta. Ƙafar dama tana tura ta hagu, ta hagu tana mayar mata daidai gwargwado. Dubi ɗan garuwa da sandarsa a kafaɗa: muddin garwa biyun sun yi daidai, sandar ba ta motsi, amma da ɗaya ta zube sai ɗayar ta rinjaya. Injiniyoyin yau sun taƙaita zancen a sharuɗɗa uku: abin da ke dannawa ƙasa ya yi daidai da abin da ke tokarewa sama, turin dama ya yi daidai da na hagu, abin da ke neman juya abu ya yi daidai da abin da ke hana shi juyawa. Kuma dole sharuɗɗan su cika a kan kowace gaɓa ita kaɗai, sannan a kan ginin gaba ɗaya. Galileo na ƙasar Italiya ya yi nazarin itacen da aka kafa a bango aka rataya masa nauyi a littafinsa na 1638, Newton na Ingila kuma ya bayyana dokar turi da martaninsa a 1687. Maginanmu ba su rubuta lissafi ba, amma ginin da ya saɓa wa waɗannan sharuɗɗa ba ya ganin damina biyu.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A ciki, bakuna suna tasowa daga manyan ginshiƙai suna sarƙewa, kowanne yana miƙa wa maƙwabcinsa kaso na nauyi har ya isa ƙasa. A shekarun 1970 an kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon masallaci na kankare. An kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, aikin da masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya assasa.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, wannan daidaito ba ya ɗorewa sai da kulawa. Magabata sun san haka, shi ya sa suke shafe rufi da laso, bango da makuba, su gyara indararo kafin ruwa ya sauka. Idan ruwa ya jiƙa rufi nauyinsa ya ƙaru, idan ya ci gindin bango abin da ke danne azara ya ragu. Yau kuwa sai ka ga an fasa bangon tsohon soro an fitar da shago, ko an yaɓe shi da siminti danshi ya maƙale a ciki, in ya rufta a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Alhali an cire wa ɗan garuwa garwa ɗaya ne.

Saboda haka, mai karatu, ko a Zariya kake, ko a Damagaram, ko a unguwar Bololo ta birnin Njamena, in Allah ya sa ka gaji ɗakin ƙasa mai azara, kada ka taɓa bangonsa sai ka nemi tsohon magini ya nuna maka inda nauyin ke bi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan an ɗora ta ma, itace ɗaya ba ya riƙe ta.