Daga Tururuwa Zuwa Kwamfuta: Tarihin Neman Na'ura Mai Sanin Kanta

Yau za mu ɗan ajiye zancen zaman baƙunci da kewar gida, mu shiga tarihi. Tun da aka samu manhajojin waya masu amsa tambaya da Hausa, ake ta muhawara: wasu na cewa na'ura ta yi hankali har ta san kanta, wasu na cewa aikin aljannu ne. To mai karatu, wannan magana ta girmi da yawa daga cikin iyayenmu, kuma duk inda ka bi sawunta za ka tarar ɗan Adam ne ke kwaikwayon halittar Allah, guntu-guntu.

Kwaikwayon ƙwaƙwalwa

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowacce na karɓar saƙo daga 'yan uwanta. In saƙon ya kai wani mizani sai ita ma ta tura nata gaba. A 1943 wasu Amurkawa biyu, likita Warren McCulloch da wani saurayi ɗan shekara 20, Walter Pitts, wanda ya koyar da kansa lissafi a ɗakin karatu na birnin Detroit, suka rubuta wannan aiki na ƙwayar jijiya da harshen lissafi: ko ta kunna, ko ta kashe.

A 1958 Frank Rosenblatt ya nuna wa 'yan jarida tsarinsa mai suna Perceptron, wanda bayan gwaji kusan 50 ya koyi bambanta katin da aka yi wa alama a dama da wanda aka yi wa a hagu. Shi ke nan abin da ya iya. Amma a watan Yulin shekarar jaridar New York Times ta ba da labarin cewa rundunar sojin ruwan Amurka na sa ran irin wannan na'ura za ta yi tafiya, ta yi magana, ta haifi irinta, har ta san tana raye. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna cewa akwai lissafi mai sauƙi da ya gagare ta, sai kasuwar wannan bincike ta faɗi na shekaru.

Daga nan sai idon kyanwa. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ga layi a tsaye, wasu kuma sai a kwance. Wani Bajapane, Kunihiko Fukushima, ya gina tsarin kwamfuta a kan haka a 1980. Jikokin wannan tsari ne ke gane fuskarka su buɗe maka waya.

Darasin tururuwa

Nan ne inda na fi so mu tsaya, don abu ne da muke gani da idonmu. Duk wanda ya taɓa ajiye buhun riɗi a sito a nan Doma ya san aikin tururuwa. Da farko za ka ga ɗaiɗaiku suna gantali; kafin wani lokaci sun ja layi ɗaya daga rami zuwa buhu, kuma yawanci ta gajeriyar hanya. Wa ya auna masu? Babu madugu, babu jagaba.

Ga sirrin. Kowace tururuwa na barin wani sinadari mai wari a inda ta bi. Wadda ta dace da gajeriyar hanya ita ke fara dawowa, don haka warin ya fi saurin taruwa a can. Na baya su bi inda wari ya fi ƙarfi, su ƙara nasu. Na doguwar hanya kuma ya bi iska. A 1989 masana a birnin Brussels suka tabbatar da haka ta hanyar yi wa tururuwa gada mai rassa biyu, dogo da gajere.

A 1992 wani ɗalibi a Italiya, Marco Dorigo, ya mayar da wannan ɗabi'a lissafi, ya gwada ta a kan wata tsohuwar matsala da ɗan kasuwa zai gane nan take: falke zai zaga garuruwa ya dawo gida, wace hanya ce ta fi gajarta? Kakanninmu masu fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja da gogewar madugu suka dogara. Amma a lissafe, garuruwa 10 kacal na da hanyoyin zagaye 181,440. Dorigo ya saki "tururuwai" na lissafi a cikin kwamfuta, kowacce ta zaga ta bar alama, har hanya mai kyau ta fito.

Lura da kyau mai karatu: an warware matsala mai wuya, alhali babu ko tururuwa ɗaya da ta san taswirar hanyar. Wato ana iya samun aiki mai kama da na hankali ba tare da an samu mai sani a ciki ba.

Ɗan Najeriya a fagen

A watan Agustan 2017, a taron TEDGlobal da aka yi a Arusha ta Tanzaniya, wani ɗan ƙasarmu da ya tashi a Legas, Oshiorenoya Agabi, ya gabatar da na'ura mai suna Koniku Kore. Shi bai tsaya a kwaikwayo ba. Ya haɗa rayayyun ƙwayoyin jijiya da aka samo daga ɓera da kayan lantarki, da nufin ta riƙa shinshino bama-bamai a filin jirgi kamar yadda kare ke yi. Hujjar masu wannan hanya ita ce, ƙwaƙwalwar mutum na aiki da wutar da ba ta wuce wat 20 ba, kamar ƙaramin ƙwan lantarki, alhali manyan kwamfutoci na shan wutar da za ta ishi unguwanni.

A 2022 wani kamfani a Ostareliya, Cortical Labs, ya sa ƙwayoyin jijiya kimanin 800,000 a faranti suka koyi buga wasan kwamfuta mai suna Pong. Masu binciken suka yi amfani da kalma mai nuna cewa ƙwayoyin na ji, wasu masana suka yi musu ca. A wannan shekarar dai wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya ce manhajar LaMDA ta san kanta. Kamfanin ya ƙaryata, ya kuma sallame shi. A 2024 aka ba John Hopfield da Geoffrey Hinton kyautar Nobel saboda aikinsu kan tsarin da ke kwaikwayon jijiyoyi.

Kammalawa

Daga 1958 zuwa yau, iya aikin na'ura ya ƙaru ƙwarai, wannan ba musu. Amma alkawarin cewa za ta san kanta yana nan a matsayin alkawari, kuma masana ba su ma daidaita kan ma'aunin da za a auna sanin kai da shi ba. Mu da muka tashi a gaban malamai mun san an daɗe da raba mana iyawa da sani, an kuma gaya mana ilimin da aka ba mu game da ruhi kaɗan ne.

Abin da nake jiye mana shi ne daɗin bakin na'ura. In ta yi maka Hausa mai kyau, sai ka ɗauka akwai mai jin kunyar yin ƙarya a ciki. A kasuwa muna ba mutum bashi ne don yana da sunan da yake tsoron ya ɓaci. Manhaja ba ta da wannan. Ka sa ta lissafi, ka sa ta fassara, amma fatawa da maganin ɗanka da jarin mahaifinka, ka kai su gaban wanda za ka iya komawa ka tuhuma.

Allah Ya sa mu dace. Mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take.

Daga Doma, Jihar Nasarawa.